Mahaɗin Sarƙa: Gaɓa Ɗaya da Hannun Mutum Ya Haɗa

  

Yau zancen babur za mu yi, babur na tsere. Kuma a jikin babur ɗin ma, wani ɗan ƙarfe za mu ɗauka wanda bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Shi ne mahaɗin sarƙa, wato gaɓar nan da ke haɗa bakin sarƙa biyu ta zama zobe. Ku ba ni aron kunnuwanku na ɗan lokaci, don maganar ta shafi rai.

Ga abin da nake so ku riƙe tun daga farko. Sarƙar babur tana da gaɓoɓi sama da 100. Kusan dukkansu inji ne ya haɗa su a masana'anta, da awo ɗaya, da matsi ɗaya. Gaɓa ɗaya tak ce hannun mutum ya haɗa. Ita ce mahaɗi. Saboda haka duk kyan sarƙa, duk tsadarta, ƙarfinta yana rataye ne a kan aikin wannan hannu.

To, bari mu fara da tambayar da wani zai yi. Me ya sa ba a haɗa sarƙar gaba ɗaya tun daga masana'anta, kowa ya huta? Ana yi. Manyan babura da yawa suna fitowa da sarƙa rufaffiya, wadda ba ta da mahaɗi ko ɗaya. Matsalar tana zuwa ne ranar canji. A yawancin babura sarƙa tana ratsa ƙarfen da ke riƙe da tayar baya. Idan rufaffiya ce, sai an kwance wannan ƙarfe kafin a sa sabuwa. Aikin ɗan lokaci ya koma na wuni. Ga shi kuma 'yan tsere suna yawan canza faifan haƙoran da sarƙa ke hawa. Fili mai dogon miƙe yana son nasa faifai, fili mai yawan kwana yana son nasa. Faifai ya canza, wani lokaci tsawon sarƙa ma sai ya canza. Shi ya sa ba a rabuwa da mahaɗi.

Yanzu mu duba irin wahalar da wannan ɗan ƙarfe yake sha. A gasar MotoGP, wadda ita ce ƙololuwar tseren babura a duniya, babur yakan wuce kilomita 350 a sa'a. Mu bar wannan gudu, mu sauko kan kilomita 200. A wannan gudun, sarƙa tana zagaye kusan sau goma kafin daƙiƙa ɗaya ta cika. A kowane zagaye mahaɗi zai hau ƙaramin faifai na gaba, ya lanƙwasa, ya miƙe. Zai sha ja a sama, ya saki a ƙasa. Mahayi ya murɗa totur, a fizge shi. Ya sauke giya a bakin kwana, a fizge shi ta ɗaya ɓangaren. Kafin a kammala tsere ɗaya, ya yi wannan zagaye wajen sau 20,000.

Sarƙar tsere mai kyau tana iya ɗaukar jan da ya haura tan 3 kafin ta tsinke. Ƙarfi kam akwai shi. Amma ja ɗaya ba shi ne ke kashe sarƙa ba. Maimaici ne. Ja, saki, ja, saki, har ƙarfe ya gaji. Kuma gajiya takan fara ne daga inda aka bar ɗan sako-sako.

Idan sarƙa ta rabu ana cikin gudu fa? Wanda ya yi sa'a, sarƙar za ta zube a kan kwalta, ya ji inji yana kuka babur ba ya ja. Shi ya tsira, amma ya bar wa na bayansa bulalar ƙarfe a tsakiyar hanya. Wanda bai yi sa'a ba, sarƙar za ta dunƙule a gaban ƙaramin faifai ta fasa jikin inji. Baƙin mai ya kwarara a gaban tayarsa ta baya. Ko kuma ta naɗe a cibiyar taya, taya ta ƙame nan take. Jama'a, taya ta ƙame a tsakiyar kwana, sai dai addu'a. Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.

To, mun ji dalilin damuwa. Sai mu shiga batu na farko, wato zaɓe.

A jikin kwalin sarƙa, da jikin gaɓoɓinta, za ka ga lamba. Baburan tsere manya sun fi amfani da 520. Ƙananan baburan da muke hawa kullum, irin na 'yan acaɓa da 'yan kabu-kabu a Maraɗi, yawanci 420 ne ko 428. Lambar farko tana nuna tazarar da ke tsakanin fil da fil. Sauran biyun suna nuna faɗin cikin sarƙa, inda haƙori ke shiga. Iyakar abin da lambar ta faɗa ke nan.

Ku saurara da kyau, don a nan ne mutane da yawa suke zamewa. Lambar ba ta faɗi kaurin fil ba. Ba ta faɗi tsawonsa ba. Ba ta faɗi kaurin farantin gefe ba. Kamfanin D.I.D da RK da EK na ƙasar Japan, da Regina na Italiya, duk suna yin sarƙa mai lamba 520. Kowacce za ta hau faifai ɗaya lafiya lau. Amma mahaɗin wannan ba lallai ya dace da sarƙar wancan ba. Kai, ko a kamfani ɗaya ma, sarƙa iri biyu masu lamba ɗaya suna iya bambanta a kaurin fil.

Bambancin ɗan kaɗan ne, ido ba ya kama shi. Mahaɗi zai shiga, kilif ɗin da ke kulle shi zai zauna, makaniki ya ce ai ya yi. Alhali fil ɗin ya fi raminsa sirantaka, yana wasa a ciki. Kowane ja sai ya buga, kowane saki sai ya buga. Ramin yana faɗaɗa, fil yana cinyewa. In kuma fil ɗin ya fi kauri, gaɓar za ta ƙage, ta ƙi lanƙwasa, ta yi ta ɗaukar zafi. Don haka amsar mai sauƙi ce. Mahaɗin da aka yi wa sarƙar, shi za a sa mata. Kamfani ɗaya, iri ɗaya, lamba ɗaya. Ranar da ka sayi sarƙa, sayi mahaɗinta na ajiya, ka bar shi a ledarsa da sunansa a jiki.

Akwai kuma batun zoben roba. Wasu sarƙoƙi suna da 'yan zobba na roba tsakanin faranti da faranti, masu tsare giris a ciki, su hana ƙura shiga. Fil ɗin irin wannan sarƙa ya fi tsawo, don a bar wa robar wuri. Wasu sarƙoƙin tsere kuwa ba su da roba sam, saboda ana son sauƙin nauyi da sauƙin juyawa. Ka sa mahaɗin mai roba a sarƙa marar roba, faranti zai yi ta yawo a kan fil. Ka sa na marar roba a sarƙa mai roba, wurin ba zai isa ba. A nan sai ka ga an jefar da robar don kilif ya shiga. Wanda ya yi haka ya bar gaɓa ɗaya a buɗe, ita kaɗai za ta bushe, ita kaɗai za ta ci ƙasa, ita za ta riga sauran mutuwa.

Ban da wannan, a kula da jabu. Ana buga sunayen manyan kamfanoni a jikin kayan da ba nasu ba, har da kwali mai sheƙi. In ka ga farashin ya faɗi warwas, ka yi tambaya. Araha ba ta ado.

Wannan ke nan game da dacewa. Sai mu zo kan irin mahaɗin. Manyan iri biyu ne, sai wani na uku da ba a cika gani ba.

Na farko shi ne mai kilif, wanda kowa ya sani. Faranti ɗaya mai fil biyu, sai farantin rufi, sai ɗan siririn kilif da ke shiga kwarmin da aka yanka a wuyan fil. Filaya kaɗai ta isa a sa shi, ta isa a cire shi. A cikinsa ma akwai wanda farantin rufinsa ke zurawa da yatsa, akwai wanda sai an matsa shi da na'ura. Na matsin ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Dalili kuwa, farantin da ya kama fil gam yana ɗaukar ja tare da ɗan uwansa. Wanda ke zurawa da yatsa yana da ɗan wasa, kuma masu ƙera sarƙa da kansu suna cewa ya fi saurin gajiya.

Ga wani abu da ba kowa ya lura da shi ba. Kilif ba shi ke ɗaukar ja ba. Fil da faranti ke ɗauka. Aikin kilif guda ɗaya ne, ya hana farantin rufi zamewa waje. Shi ya sa kilif kan faɗi, babur ya ci gaba da tafiya kamar ba abin da ya faru. Ba ƙara, ba girgiza. Farantin yana ta matsowa waje a hankali, mahayi bai sani ba. Sai ranar da ya fice.

Na biyu shi ne mai ribit. Shi ba shi da kilif. Ana matsa farantin rufi a kan fil da na'ura, sannan a baje kawunan fil ɗin yadda farantin ba zai iya komawa ba. In an yi shi daidai, da ƙyar za ka bambanta shi da sauran gaɓoɓi. Ba a cire shi sai an gurje kan fil an tura shi waje. Kuma in an cire, ya gama aiki, sai bola.

Na ukun kamfanin EK ne yake yin sa. Fil ɗinsa dogaye ne masu zare. Ana ɗaura noti a kai, notin ya tura faranti har ya zauna daram, sannan a karye ragowar fil ɗin. Yana taimakon wanda ba shi da na'urar ribit, amma sarƙar kamfanin kawai aka yi wa shi.

To, wanne za a zaɓa? Ni dai ga matsayata, kuma ba zan ɓoye ba. Duk babur mai ƙarfi da zai yi tsere a kan kwalta, ribit ne nasa. Ba na ganin hujjar sa kilif a babur ɗin da ke gudun kilomita 200, komai saurin da ake yi. Ƙungiyoyin tsere da yawa ma sun sa batun mahaɗi a dokokinsu. Kafin a bar babur ya shiga fili, masu bincike sukan duba shi. Wasu ba sa karɓar kilif sai an ƙara masa tsaro. Don haka mai shirin shiga gasa ya karanta dokar gasarsa tun yana gida.

Amma adalci shi ne a faɗi inda kilif yake da gurbi. A tseren ƙasa da taɓo, inda babura ke tsalle a kan tudu, gudun bai kai na kwalta ba. Ana cire sarƙa a kai a kai don wanki. A can za ka ga kilif da yawa, kuma yana aiki, matuƙar ana canza shi ana duba shi.

Sai kuma tseren hamada. Dattawa a Agadas ba su manta da gasar Paris zuwa Dakar ba. An fara ta a ƙarshen Disamba na 1978, kuma tun a karon farko ta ratsa ƙasar Nijar. Bafaranshe Cyril Neveu ne ya zo na ɗaya, a kan Yamaha XT500. Shekaru da dama babura sun yi ta keta rairayin Tenere, kafin a mayar da gasar Kudancin Amurka a 2009, daga baya kuma Saudiyya a 2020. A irin wannan tafiya, rairayi yana cakuɗa da mai ya yi ta gurzar ƙarfe. Mahayi kan yi ɗaruruwan kilomita ba makaniki kusa. Dabarar matafiyan jeji ita ce su tashi da sarƙa mai ribit, amma su riƙe mahaɗi mai kilif a jakar kayan aiki. Ribit don kada ta rabu. Kilif don in ƙaddara ta faɗa, a haɗa a isa masauki. A masauki kuma a sake na ƙwarai.

Masu sauraro, mun gama da zaɓe. Yanzu sai batu na biyu, wato ɗaurawa. A nan ne hannun mutum yake nuna kansa. Ku tuna, gaɓa ɗaya ce hannu ya haɗa.

Mu fara da kilif. Kilif yana da kai rufaffe, yana da baki buɗaɗɗe. Rufaffen kan shi ke gaba, ta inda sarƙa ta nufa. Buɗaɗɗen bakin yana baya. Zan maimaita. Rufaffen kai gaba, buɗaɗɗen baki baya. In mahaɗin yana layin sama, rufaffen kai yana kallon inji. In ya zagayo layin ƙasa, yana kallon tayar baya. Wanda ya ruɗe, ya juya taya da hannu kamar babur na tafiya gaba, ya ga wane ɓangare ne ke fara wucewa. Dalilin a fili yake. In bakin ne a gaba, duk abin da ya taɓa shi, ɗan dutse ko reshe ko robar da sarƙa ke gogawa, zai buɗe shi ya ture shi waje. In kan ne a gaba, abin da ya taɓa shi ƙara tura shi ciki zai yi.

A sa kilif ta waje, inda ido zai gan shi. A kawo bakin sarƙar biyu kan faifan baya, haƙora su riƙe su, hannu ya samu sukuni. A tura kilif da filaya, a miƙe, har a ji ya ce ƙas. Kada a ɓanɓare shi da sukundireba, kada a buɗe bakinsa fiye da kima. Ƙarfe ne mai tsalle, in ya buɗe ya wuce iyakarsa ba ya komawa. Bayan ya zauna, sa farce ka taɓa shi. Ya kamata ya kwanta cikin kwarmin fil biyun duka, ya manne da faranti. In kwarmin bai fito sosai ba, farantin ne bai gama shiga ba. A ƙara matsa farantin. Ba a tilasta wa kilif.

Kuma kilif ɗin da aka cire, a bar shi ya tafi. Kuɗinsa nawa ne?

Ga abin da nake so mai babur ɗin ƙasa ya je ya gani da idonsa. A ƙarƙashin ƙarfen taya, kusa da faifan baya, akwai wata roba da sarƙa ke bi ta cikinta don kada ta sauka. Taɓo da yashi suna taruwa a wurin. Duk wucewar mahaɗi sai an goge fuskar kilif. Sabon kilif yana da kauri, gefensa a tsaye. Wanda ya sha guga za ka gan shi yana ƙyalli kamar an wasa shi, gefensa ya yi kaifi, ya zama falle. Wani lokaci kawunan fil ɗin ma sun cinye har sun yi daidai da shi. Irin wannan yana nan a wurinsa, yana kallon inda ya dace, amma saura ƙiris. Ganin kilif kawai bai isa ba. A duba kaurinsa.

To, yaya batun ƙarin tsaro? 'Yan tsere suna da dabara biyu. Wasu suna zagaya siririyar waya marar tsatsa a kan kilif da farantin rufi, tsakanin fil biyun, su murɗe ta, su kwantar da bakinta. Wasu kuma suna wanke wurin tas, su kawar da maiƙo, su shafa gam na silikon a kan kilif, su bar shi ya bushe. Kowacce tana da amfani, kowacce tana da rauni. Waya takan cinye in tana gogar roba ko haƙori. Silikon kuma ba ya kama wuri mai maiƙo, in ba a wanke ba zai ɓare tun a zagayen farko. Ni na fi son silikon mai launi, ja ko ruwan lemo, saboda yana ƙara wani amfani. Daga nesa za ka hango mahaɗi, ba sai ka yi ta juya taya kana nema ba. Amma a ji ni da kyau. Waya da gam ƙari ne a kan aiki mai kyau. Ba sa gyara kilif ɗin da aka juya baibai. Ba sa mayar da tsoho sabo.

Sai mu koma kan ribit, wanda na ce shi ne na kwalta. Kada wani ya ɗauka da an ce ribit an tsira. Ribit ɗin da aka yi da ganganci ya fi kilif mai kyau haɗari, domin shi ba wanda zai sake duba shi.

Ku zo mu tsaya a bayan ƙwararren makaniki mu ga yadda yake yi. Ya buɗe leda. Ga faranti mai fil, ga farantin rufi, ga zobban roba huɗu, ga ɗan ƙunshin giris. Ya shafe fil biyun da giris ɗin nan sosai, domin in an rufe, ba mai sake shiga wurin har ƙarshen rayuwar sarƙar. Ya zura roba biyu, ya shigar da mahaɗi ta ciki, ya ɗora sauran roba biyun ta waje. Ya ƙirga su da ido. Sannan ya ɗora farantin rufi, rubutunsa na kallon waje, ya kafa na'ura.

Daga nan ba ya sauri. Ya ɗan murɗa, ya tsaya. Ya kwance na'ura, ya ɗauki ma'aunin kauri, ya auna faɗin gaɓar da ke maƙwabtaka, ya auna na mahaɗi. Bai kai ba. Ya mayar, ya ƙara rabin murɗi, ya sake aunawa. Haka zai yi ta yi har faɗin biyu su zo ɗaya. Me ya sa yake wannan jeka-ka-dawo? Saboda faranti in ya wuce, ba ya dawowa. Zai murƙushe roba, giris ya tsiyaye, gaɓa ta ƙage. Rabin murɗi na ƙari ya isa ya lalata mahaɗi.

Faranti ya zauna, sai baje kai. Yawancin irin wannan fil suna da ɗan rami a ka. Na'urar tana da tsini mai shiga ramin ya buɗe bakinsa. A bayan fil kuma dole a sa abin tokare, in ba haka ba fil ɗin zai sulale ta baya. Buɗewar da ake nema 'yar kaɗan ce, ba ta kai milimita ɗaya ba, kuma kowane kamfani ya rubuta nasa awo a takardar sarƙa. In ba a buɗe sosai ba, faranti zai iya fita. In an zarce, bakin fil zai tsage, kuma tsagaggen kai ba ya riƙo. Akwai kuma fil marar rami, wanda ake danne gefunan kansa da wata na'ura dabam. Na'urar wannan ba ta yin aikin wancan.

Da ya gama, sai ya kama mahaɗin da yatsu ya lanƙwasa shi sama da ƙasa. Ya lanƙwasa na kusa da shi. In tafiyarsu ɗaya, aiki ya yi. In mahaɗin ya fi tauri, ko ya ga 'yar tsaga a bakin fil, ba ya jayayya da ƙarfe. Gurje shi zai yi ya ɗauko wani. Shi ya sa mai hankali yake sayen biyu.

Na san abin da wani maigidan shago yake faɗa yanzu a ransa. Mu da ba mu da wannan na'ura fa? Ai guduma biyu sun isa, ɗaya a baya, ɗaya a gaba. Maigida, Allah ya ƙara buɗi, na san hannunka ya ƙware. Amma guduma ba ta da awo. Tana iya lanƙwasa fil, tana iya tsaga faranti a inda ido ba ya gani. A babur ɗin tsere, in babu na'ura, gara a kai wa mai ita.

Wani abu kuma da nake roƙo a daina shi ne ƙari. Sarƙa ta gaza, sai a yanko guntu daga tsohuwa a haɗa da mahaɗi biyu. Yanzu gaɓar da hannu ya haɗa ta zama biyu, ga tsohon guntu a tsakani wanda ya riga ya miƙe. 'Yan tseren da suka san aikinsu sukan ajiye sarƙa fiye da ɗaya, kowacce da tsawonta. Haka kuma sabon mahaɗi ba ya raya sarƙar da ta mutu. In ka ja sarƙa a bayan faifai ta ɗago har ka ga rabin haƙori, ta gama. A canza ta tare da faifanta.

Kada kuma a manta da ɗaurin sarƙar kanta. In an ja ta ta yi tsam, duk lokacin da babur ya dira daga tsalle ko ya faɗa rami, sarƙar ce za ta sha. Mahaɗi na cikin masu fara biya. A bar mata sakin da littafin babur ya ce.

Yanzu sai batu na ƙarshe, kuma shi ne mafi sauƙi. Dubawa. Mahayin doki a hawan sallah ba ya sakin linzami a sukuwa sai ya taɓa majayi ya ji ɗaurinsa, ko da shi ya ɗaura sirdin da hannunsa. Haka ɗan tsere ya kamata ya yi da mahaɗi, kafin kowace fita, da bayan kowace dawowa. In ya faɗi, ko ya ja babur da baya a cikin ciyawa, ya sake dubawa. Ja da baya yana juya tafiyar sarƙa, bakin kilif ya koma gaba.

Amma don Allah, a kashe inji kafin a kai hannu. Wannan gargaɗi na yaran shago ne musamman. Kada a ɗaga taya, a sa giya, a riƙa goge sarƙa da tsumma inji na aiki. Sarƙa tana kama tsumma, tsumma ya ja yatsu zuwa haƙori, kafin ƙiftawar ido an yi asara. Mutane da yawa sun rasa yatsu ta haka. Da hannu ake juya taya.

Wataƙila wani ya ce, ni ba ɗan tsere ba ne, Boxer ce da ni ina neman abinci. Ɗan uwa, maganar ta shafe ka. Sarƙarka ma mahaɗi gare ta, kuma mai kilif ne. Sau da yawa tana cikin murfi, ba ka ganin ta sai ranar da ta fara ƙara. Kana ɗaukar mace da goyo, kana ɗaukar buhu, kana bin hanya mai ramuka. Gudunka bai kai nasu ba, amma tayar da ta ƙame a gaban babbar mota ba ta tambayar gudu. Samarin da ke wasa da babur a titi ranar biki kuwa, ku ji tsoron Allah. Masu tseren da muke magana a kansu suna yi ne a killataccen fili, da hular kwano, da masu bincike, da motar asibiti a gefe.

To jama'a, lokaci ya yi halinsa. Gobe da safe, kafin ka tada babur, ɗaga tayar baya ka juya ta a hankali har mahaɗi ya zo gabanka. Duba inda kan kilif yake kallo. Taɓa shi da farce ka ji kaurinsa. In ka kai gyara, ka ce wa makaniki ya nuna maka mahaɗin kafin ya rufe murfi. Ku kuma iyayen gida masu shago, ku zaunar da yaranku ku nuna musu wannan aiki da hannunku, kada ku bar su su koya a kan babur ɗin mutane.

Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya kai kowa gida lafiya.